Yadda ake canza mikron gitar lantarki, daga zaɓe har zuwa saiti

Yawancin gitocin lantarki da nake gani a hannun matasan Damagaram kwaikwayon Stratocaster ne, wato sananniyar gitar kamfanin Fender, waɗanda suka shigo ta Kano, ko suka gangaro daga Agadas, ko kuma suka bi ta hannu uku kafin su iso ga mai riƙe da su yanzu. Sau da yawa katakon ba shi da laifi, wuyan ma a miƙe yake, amma da an jona gitar da amfili sai muryarta ta fito siririya, ko ta fito da gurnani kamar an tada injin niƙa a bayan ɗaki. Daga nan mai ita yakan fara neman wanda zai saye ta, alhali abin da ke ɗauko sauti daga tsirkiya ɗan ƙaramin abu ne da ake iya cirewa a sa wani cikin yini guda. A nan muna ce masa mikro, ko da yake ba irin makirfon mawaƙi ba ne. Idan ka je shagunan kayan kiɗa a Kano kuwa, fikof za ka ji ana cewa.

Mikro maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar silin gashi, naɗi wajen 8,000 a mikron Stratocaster na gargajiya. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa sai ta haifar da ƴar ƙaramar wuta a cikin naɗin, wannan wutar ce amfili ke ƙarfafawa har ta zama kiɗa. Matsalar ita ce naɗin ba ya bambanta tsirkiya da sauran abin da ke kewaye da shi. Wutar gidajenmu tana juyawa sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma mikro mai naɗi ɗaya yana kwaso wannan juyawar ya mai da ita gurnani, musamman kusa da taransifoma, ko fanka, ko gurup ɗin wuta, wato janareto, da ake ajewa gab da makaɗa a wajen biki. Saboda wannan gurnanin ne wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro mikro mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, aka nemi rajistarsa a 1955, aka fara sa shi a gitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna kishiyantar juna ta yadda gurnanin ke mutuwa, sautin tsirkiya kuwa ya ƙaru, sai dai muryar takan yi kauri ta rasa wani abu na kaifin da aka san Stratocaster da shi tun fitowarta a 1954.

Tabbatar da cewa mikron ne ke da laifi

Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, ka yi wa gitar tambayoyi. Tsirkiyar da ta shekara ana kaɗa ta, gumi da ƙurar hunturu sun cinye ta, ba ta da muryar da wani mikro zai ɗauko, don haka a fara da sa sababbi. Bayan haka a canza igiyar da ke zuwa amfili, a kuma gwada gitar a amfilin wani. Idan sauti yana ɗaukewa yana dawowa sa'ad da ka motsa bakin igiyar, ramin jak ne ya saki. Idan ƙarar ƙarce-ƙarce kake ji lokacin da kake murɗa maɓallin ƙara, ƙura ce ta shiga potansiyon da ke ƙarƙashinsa, wato ɗan kewayayyen abin da maɓallin ke juyawa, kuma sabon mikro ba zai warkar da wannan ba. Akwai kuma wata zuzar da ke raguwa da zarar ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. Wannan al'ada ce ta gita, amma idan taɓa tsirkiyar bai rage komai ba, to wayar mas da ke zuwa jaki ta tsinke, wato wayar da ke kwashe zuzar ta kai ta ƙasa. Jaki nake ce wa ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasan gitar, kamar yadda makaɗan garaya ke kiran nasu.

Mikron da ya cancanci a cire shi iri uku ne a ganina: wanda ya mutu ɗungurungum, wanda ke tsuwa da an ɗaga ƙara domin naɗinsa ya saki ba a jiƙa shi da kaki ba, da kuma wanda ke da lafiya amma muryarsa ba ita kake nema ba. Na ukun shi ne ya fi cin kuɗin mutane, domin wanda bai iya faɗin abin da ke damunsa da bakinsa ba, ko kaifi ne ya yi yawa, ko kauri ne babu, ko gurnani ne kawai, zai sayi wani ya sake jin bai gamsu ba.

Zaɓen sabon mikro

Abu na farko girma ne. Kwance notunan farantin robar da mikro ke zaune a kai, waɗanda galibi 11 ne a Stratocaster, ka ɗan ɗaga shi ka leƙa ramin da aka fafe a katakon. Wasu gitocin an fafe musu rami ɗaya mai faɗi da zai ɗauki kowane iri, wasu kuwa ramuka uku ne ƙanana daidai mikro mai naɗi ɗaya. Idan taka ta biyun ce kuma kana son hambaka, ba na ba ka shawarar ka kai ta wurin kafinta. Akwai hambaka da aka ƙera a girman mikro mai naɗi ɗaya, irin Hot Rails na kamfanin Seymour Duncan, wanda ke shiga ramin ba tare da an taɓa katako ba. Ka kuma auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta farko da ta shida a daidai inda mikron zai zauna, domin hambaka na kusa da jaki yana zuwa da faɗi biyu, na wajen milimita 50 da na wajen 52 zuwa 53, kuma gitoci masu jakin Stratocaster na biyun suka fi so.

Abu na biyu maganaɗisu. Juya mikro mai naɗi ɗaya ka dubi bayansa. Idan ka ga baƙin sanda an manna shi a ƙasa, to seramik ne, kuma ƙarafa shidan da ke leƙowa sama ƙarfe ne kawai. Haka yawancin gitoci masu araha suke. Idan bayan fili ne ba sanda, to ƙarafan su ne maganaɗisun da kansu, na alniko, wato haɗin alminiyom da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe. Seramik ba abin ƙyama ba ne, akwai mikro masu tsada da aka yi da shi, amma ga mai son tattausar murya mai tsabta irin wadda ake ji a kiɗan gitar Agadas, inda kowane yatsa ke fitowa daban, alniko ya fi dacewa.

Abu na uku shi ne lambar da masu sayarwa suka fi tallatawa, wato nauyin naɗi da ake aunawa da kilo-om. Mikron Stratocaster na gargajiya yana kusa da 6, hambaka irin na farkon Gibson yana tsakanin 7.5 da 8.5, masu zafi kuwa suna kai 13 zuwa 16. Matasa suna rububin babbar lamba suna zaton ita ce inganci, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Yawan naɗi yana ƙara ƙarfi, yana kuma cinye kaifi, kuma a taron biki inda ganguna da piyano da mawaƙa uku ke fita ta lasifika ɗaya, gita mai kaurin murya nutsewa take yi, mai kaifi ce ke ratsowa. Ni dai ga irin kiɗanmu, cikin mikro ukun da Stratocaster ke da su, na fi son a bar na kusa da wuya da na tsakiya masu naɗi ɗaya, a sa hambaka matsakaici a kusa da jaki domin ranar da wutar wurin ta ƙi ba da haɗin kai.

Idan za ka saya, tafi da mita, irin ta auna wuta da masu gyaran rediyo ke amfani da ita, ka auna a gaban mai shago, domin ana buga sunan manyan kamfanoni a kan jabu. Sai dai ka tuna cewa jan ƙarfe yana ƙara nauyi da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri na zafi, kuma lambar da ke jikin kwali an aune ta ne a ɗaki mai sanyi. Mikron da aka rubuta wa 6 zai iya nuna maka kusan 6.5 a tsakar ranar Afrilu, wannan ba ha'inci ba ne. Wanda mita ta nuna babu komai, ko ta nuna sifili, shi ne za ka mayar. Game da mikro masu aiki da batir mai bolt 9, irin na EMG, suna da shiru ƙwarai, amma suna bukatar a canza potansiyo zuwa masu lamba 25k da ramin jak na daban, aikin ya wuce na wannan jagorar.

Kayan aiki

Kana bukatar turnabis mai kan kuros, da ƙarfen dalma na wuta mai wat 40 ko kusa da haka, da dalma siririya ta kayan lantarki mai ƙaro a cikinta, wadda ake rubuta wa 60/40, da almakashin waya, da salatif na lantarki, da mita, da tsumma mai kauri. Kada ka yi amfani da ruwan asid ɗin da masu liƙin bokiti ke shafawa, domin yana cin waya a hankali. Duk waɗannan kayan mai gyaran rediyo ko salula yana da su, kuma idan hannunka bai saba da dalma ba, babu kunya ka ɗauki gitar ka je ku yi tare, kai ka san kiɗa, shi ya san wuta.

Ranar da na fara wannan aikin a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, muna tsaka da shi aka ɗauke wuta. Gaggawa ta sa na ɗauki wani tsohon ƙarfe na tura cikin garwashin mai shayi, ya yi ja, na danna shi a bayan potansiyo. Dalmar ta narke nan take, amma da na murɗa maɓallin sai na ji yana karta kamar an zuba yashi a ciki, robar da ke cikinsa ta lalace. Dattijon ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannunsa ya ce, "Ɗana, ai ba kwano kake liƙi ba." Na ce, "Baba, na ga rana tana yi." Bai ƙara cewa komai ba, ya jawo gwangwaninsa ya zaro mini wani tsohon potansiyo daga gawar rediyo, wanda bai ma dace da gita ba, na jira mako guda kafin na sami na ainihi.

Kwancewa

Cire igiyar amfili gaba ɗaya daga gitar kafin komai. Shimfiɗa bargo a tebur, ka sassauta tsirkiyoyi ka cire su. Kwance notunan farantin ka zuba su a kofi, domin maganaɗisun mikro yana jan su kuma suna karce fenti. Ɗaga farantin a hankali, kada ka fizge, saboda wayoyi uku suna riƙe da shi: biyu zuwa ramin jak, ɗaya zuwa ƙarfen da ke riƙe sifirin a bayan gitar, ita ce mas ɗin jaki. Ɗora tsumma a kan katakon ka kifa farantin a kai.

Yanzu ka ɗauki hoto da salularka, daga sama da kuma daga gefe, har a ga ƙafar da kowace waya ta hau. Wannan hoton shi ne taswirar komawarka gida idan ka ɓata. Kowane mikro mai naɗi ɗaya yana da waya biyu: mai ɗauke da sauti, galibi fara, wadda ke zuwa ɗaya daga ƙafafun selekta, wato maɓallin zaɓen mikron da zai yi aiki, da ta mas, galibi baƙa, wadda ke manne a bayan potansiyon ƙara. Bi wayar tun daga mikron da yatsa har inda ta ƙare, ka narkar da dalmar ka zare ta. Idan mas ɗin mikro uku sun dunƙule cikin tulin dalma ɗaya kuma ƙarfenka ya kasa narkar da shi cikin daƙiƙa huɗu ko biyar, kada ka nace. Yanke tsohuwar wayar ka bar guntu kamar gaɓar yatsa, ka haɗa sabuwar a kansa ka naɗe. Sannan ka kwance notuna biyu da ke riƙe da mikron, ka kula da sifirin ko ƴar robar da ke jikin kowanne. Tsohon mikron a naɗe shi a takarda a rubuta mazauninsa a aje, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma ranar sayar da gitar za ka so ka mayar da shi.

Ɗaurawa da liƙi

Sa sabon mikron a farantin da sifirinsa, wayarsa ta fuskanci inda tsohuwar ta bi. Idan saiti ne na uku, kada ka rikita su: na jaki ya fi nauyi a mita, domin tsirkiya ba ta rawa sosai a wurin, na tsakiya kuwa sau da yawa an juya naɗinsa da maganaɗisunsa. Gwajin wannan mai sauƙi ne: kara fuskar na tsakiya da ta na wuya, idan sun jawo juna to maganaɗisunsu kishiyoyi ne, kuma a matsayi na 2 da na 4 na selekta, inda na tsakiya ke haɗuwa da wani, gurnani zai ɗauke.

Kada ka yanke wayar ta yi gajarta, bar mata rara. Fere bakinta kamar milimita 4, ka murɗe silin, ka fara shafa masa dalma shi kaɗai, ka shafa wa ƙafar selektan ma, sannan ka haɗa su ka taɓa da ƙarfen na daƙiƙa biyu. Ƙarfen yana ɗumama wurin ne, wurin kuma ya narkar da dalmar. Wanda ya ɗebo dalma a bakin ƙarfe ya ɗiga ta a kan waya mai sanyi ya yi liƙin da zai saki a tsakiyar biki. Kada ka motsa wayar kuma kada ka hura har ta daskare. Liƙi mai kyau yana sheƙi yana kwance, marar kyau yana dunƙule kamar tsakuwa kuma ya dushe. Yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, saboda akwai gubar dalma a ciki.

Hambaka mai waya huɗu shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan launi ba. A na Seymour Duncan, baƙa ce ke zuwa selekta, koriya da tsirarar waya su tafi mas, ja da fara a haɗa su da juna a liƙe a naɗe da salatif. A na DiMarzio kuwa, ja ce ke zuwa selekta, koriya da tsirara su tafi mas, baƙa da fara ake haɗewa. Idan naka ba shi da suna kuma ba takarda, mita za ta nuna maka wayoyi biyu-biyu da ke naɗi ɗaya, daga nan sai gwaji.

Tun da farantin yana buɗe, dubi lambar da ke bayan potansiyo. Mikro mai naɗi ɗaya ya saba da potansiyo mai 250k da kondansa, ɗan abin da ke aiki da maɓallin tausasawa, mai lamba 0.047, hambaka kuwa da 500k da 0.022. Babbar lambar potansiyo tana barin kaifi ya wuce, ƙarama tana tausasa shi, saboda haka hambakan da aka ɗora a kan 250k yakan ɗan dushe, ko da yake wasu haka suke so. A tsohon tsarin Stratocaster mikron jaki ba shi da maɓallin tausasawa ko kaɗan, shi ya sa yake tsaga kunne. Mai gyara zai iya matsar da wayar maɓalli na ƙarshe zuwa ƙafar na jaki, kuma wannan ɗan canjin da ba ya cin ko sisi yakan hana wasu sayen sabon mikro. Haka nan ana iya liƙe cikin ramin da salatif na jan ƙarfe a haɗa shi da mas. Yana rage zuzar fitilu da caja, amma ba ya kashe gurnanin da taransifoma ke jawowa.

Gwaji kafin a rufe

Mayar da farantin ka ɗaura noti biyu kawai, ka tabbata ba ka danne waya ba. Jona amfili da ƙara kaɗan, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙarafan kowane mikro da bakin turnabis kana sauya selekta. Ya kamata ka ji "kwas" daga mikron da aka zaɓa kaɗai, a matsayi na 2 da na 4 kuma daga biyu. Idan shiru ne ko'ina, kusan kullum wani sili ne ya taɓa mas. Idan komai daidai ne, ƙarasa notunan ka sa tsirkiyoyi.

Akwai kuskure ɗaya da ba ya bayyana sai an kaɗa. Kowane mikro shi kaɗai yana da kyau, amma da an haɗa biyu sai muryar ta zama siririya, ta hanci, ƙarar ta faɗi. Wannan yana nufin suna ja-in-ja ne, ɗaya na turawa ɗaya na janyewa, kuma yakan faru idan aka haɗa na kamfanoni daban, misali hambakan Seymour Duncan da mikro irin na Fender. Maganinsa a juya wayoyin ɗaya daga cikinsu: a wannan misalin koriya ta hau selekta, baƙa ta koma mas, tsirarar waya kuwa ta zauna a mas inda take, ba a taɓa ta.

Saitin tsawo

Nan ne rabin muryar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Danne tsirkiya a ƙarfen wuya na ƙarshe, ka auna daga saman ƙarfen mikro zuwa ƙasan tsirkiyar. Ga mikro mai naɗi ɗaya na gargajiya, Fender tana ba da milimita 2.4 a gefen tsirkiya mai kauri da milimita 2 a gefen siririya. Hambaka yana iya matsowa har wajen 1.6. Idan ba ka da ma'auni mai kyau, makullin alen na milimita 2 da na 2.5 suna shiga tsakanin su nuna maka. Wannan mafari ne kawai. Matso da mikro yana ƙara ƙarfi, amma alniko da ya matso da yawa yana riƙe tsirkiya, sai ka ji sautin yana mutuwa da wuri, kuma a can saman wuya tsirkiya mai kauri tana fitar da murya biyu masu karo da juna, kamar gitar ta ƙi saituwa. Da ka ji haka, sauke gefen mai kaurin.

Fara da na jaki, ka sa shi inda ya yi maka daɗi, sannan ka sauke na tsakiya da na wuya har ƙararsu ta yi daidai da tasa idan ka sauya selekta. Murɗa notin rabin zagaye kawai a kowane karo, ka kaɗa abin da ka saba kaɗawa, da ƙarar da kake amfani da ita a fili, ba ta cikin ɗaki ba. Idan ƙurar ƙarfe ta taru a kan ƙarafan, manna salatif ka ɗaga ta, kada soson ƙarfe ya kusanci wurin. Ka tafi da turnabis ɗin cikin jakar gitar zuwa atisayen farko da sauran makaɗa, domin da ganga ta shigo za ka so ka ƙara wa gefen siririyar tsirkiya rabin zagaye ko ɗaya.